Ciwon ya lafa, amma tsakuwar ƙodar tana nan: amsa ga matar ɗan adaidaita sahu

Tambaya

Assalamu alaikum. Maigidana ɗan adaidaita sahu ne a nan Kano, shekararsa 39, kuma mashin ɗin ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum. Makonni biyar da suka wuce wani ciwo ya murɗe shi a kwiɓin hagu cikin dare, yana birgima yana amai. Muka kai shi wani asibitin kuɗi, aka yi masa allura da ƙarin ruwa, aka yi sikanin. Suka ce tsakuwa ce mai milimita 11 ta maƙale a saman bututun fitsari, ƙodar kuma ta kumbura, sai an yi aikin leza, wato a fasa tsakuwar da haske mai ƙarfi. Kuɗin da suka faɗa, ko shekara ya yi yana tari ba zai haɗa shi ba. Muka dawo gida. Tun daga nan yake shan diklofenak na kemis safe da yamma, yayarsa kuma ta kawo masa wani jiƙo da aka ce yana narkar da tsakuwa. Yanzu ciwon ya lafa, ya koma aiki, danginsa na cewa ya warke. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mijin ƙanwata ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, bara ya yi irin wannan ciwon, cikin mako guda aka yi masa aiki, kwana biyu aka sallame shi. Abin da na mallaka keken ɗinki ne da 'yan kunnen zinare. In sayar, ko mu jira?

Amsa

Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri da ba ki yarda hankalinki ya kwanta ba. Ke ce mai gaskiya a gidan nan. A halin da kika bayyana, shirun da ciwon ya yi ya fi tayar mini da hankali a kan birgimar daren farko.

Ga dalili, don ki samu abin da za ki gaya wa danginsa. Kowace ƙoda tana da siririn bututu da ke gangarar da fitsari zuwa mafitsara. Tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne, faɗinsa kuwa milimita 3 zuwa 4, wato kamar bututun tawadar da ke cikin biro. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba, akasari takan fita da kanta cikin makonni huɗu zuwa shida. Daga milimita 5 zuwa 10, kusan rabi ne ke fita. Wadda ta haura 10 da wuya ta wuce ba tare da hannun likita ba. Ta maigidanki 11 ce, ga ta kuma a can sama, ba ta ma kama hanya ba.

Ciwon da ya sa shi birgima ya taso ne daga fitsarin da ya taru a bayan tsakuwar yana buɗa ƙoda, da kuma murɗawar da bututun ke yi yana ƙoƙarin turo ta. Idan aka yi kwanaki a haka, ƙodar da aka tare takan rage aikin tace jini, matsin ya sauka, ciwo ya lafa. Ɗaya ƙodar sai ta ɗauki aikin biyu, mutum ya ci gaba da fitsarinsa kamar kullum, har gwajin jini ma yana iya fitowa lafiya lau. A waje an ga sauƙi, a ciki kuwa naman ƙodar hagu yana sirancewa. Idan toshewar ta cika, lahani yakan fara cikin makonni biyu, kuma bayan makonni huɗu zuwa shida wani ɓangare na abin da aka rasa ba ya dawowa. Sau da yawa fitsari yana ɗan zurarewa ta gefen tsakuwar, wannan kan jinkirta ɓarnar, kuma ina fatan haka nasa yake. Sai dai ba a sanin hakan da ido, ba a kuma saninsa da yadda mutum yake ji a jikinsa. Kuna mako na biyar. Lokacin jira ya ƙare.

Abu biyu za a dakatar tun yau, kuma dakatar da su ba ya cin ko kwabo.

Na farko diklofenak. Magani ne mai kyau ga wannan ciwon a kwanakin farko, shi likitoci suka fi bayarwa idan ƙoda lafiya take. Amma yana rage jinin da ke shiga ƙoda, yana kuma cin bangon ciki har ya jawo gyambo da zubar jini. Mutumin da ƙodarsa ɗaya ke toshe, ɗayar ke ɗauke da shi, yana yini cikin rana yana zufa, sannan ya yi makonni biyar yana shansa safe da yamma, yana wasa ne da ƙodar da ta rage masa. Haka ibufurofen da danginsa, haka kuma haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda a ce na gajiya ne, don galibi akwai irinsu a ciki. Idan ciwo ya motsa, ya sha farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk bayan awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini. Ki duba ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta; idan haka ne, ciki ne ke zubar da jini, a faɗa wa likita nan take.

Na biyu jiƙon. Na san yayarsa da kyakkyawar niyya ta kawo, kada ki yi faɗa da ita a kai. Kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na tsakuwar ƙoda ta sinadarin kalsiyam ce, kuma babu wani abin sha, na asibiti ko na gargajiya, da ke narkar da ita a cikin jiki. Shaidar da mutane ke bayarwa cewa sun sha kaza tsakuwa ta fita gaskiya suke faɗa a kan fitar, amma ƙananan tsakuwoyi ne da dama can za su fita ko da ruwan randa kaɗai aka sha. Irin da aka fi narkarwa da magani ita ce ta yurik asid, wadda ba ta wuce kusan ɗaya cikin goma ba. Ita ma da maganin fotasiyam sitret ko makamancinsa ake yi, ana auna fitsari a kai a kai, ba da jar kanwa ba. Wani jiƙon kuma shi kansa guba ne ga ƙoda, kuma ba wanda zai iya gaya miki abin da ke cikinsa da adadinsa.

Kafin mu shiga lissafin kuɗi, ki haddace alamomin da idan kin ga ɗaya daga ciki ba a kwana a gida, ko akwai kuɗi ko babu: zazzaɓi, musamman mai makyarkyata; fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya; aman da ya hana ruwa zama a ciki; ciwon da ya ƙi jin magani; rikicewar hankali ko wani irin sanyin jiki da ba ki saba gani ba. Zazzaɓin shi ne babba. A garinmu duk zazzaɓi na cizon sauro ne sai an tabbatar da akasin haka, shi ya sa mai tsakuwa kan yi kwana uku yana shan maganin maleriya alhali mugunya ce ta taru a ƙodar da ta toshe. Ƙwayoyin cutar kan shiga jini, su kayar da ƙaƙƙarfan namiji cikin kwana ɗaya ko biyu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya isa, don ba ya kaiwa wurin da aka toshe. Dole a buɗe wa fitsarin hanya. Ku tafi sashen gaggawa na babban asibiti da takardar sikanin a hannu, kalmar farko da za ki faɗa ita ce: yana da tsakuwa a bututun fitsari, ƙoda ta kumbura, ga zazzaɓi.

Yanzu maganar mijin ƙanwarki. Kin ga abin da ya faru daidai, kuma ba laifi ba ne ya yi miki ciwo. Cuta ɗaya ce, amma hanya biyu ce. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana ƙarƙashin inshorar lafiya tun da aka fara shirin a 2005. Yana da asibitin da ya yi rajista, yana da wanda zai rubuta masa takardar turawa, albashinsa yana shiga ko yana kwance. Maigidanki duk ranar da bai fita ba, babu cefane, ga balas yana jiransa. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Kayan aikin leza kuwa, daga zaren da ke kai hasken har zuwa waya da robar da ake sakawa, daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023 kuɗinsu ya yi sama. Likitocin mafitsara ba su da yawa, kuma a manyan birane suke. Har a Amurka, inda injinan suke a ko'ina, bincike ya nuna cewa marasa inshora da masu inshorar talakawa ta Medicaid sun fi daɗewa suna jira kafin a cire musu tsakuwa.

Abin da nake so ki lura da shi, talauci ba ya cutar da mai tsakuwa ta wajen rashin leza kamar yadda yake cutar da shi ta wajen jinkiri. Mai hali ana kama tsakuwarsa tana ƙarama, ƙodarsa da ƙarfinta. Talaka yakan ji farashi guda ɗaya, a wuri guda ɗaya, ya koma gida, ya dawo bayan shekara da ƙodar da ta zama jakar ruwa, sai dai a cire ta. A tsakanin nan kuma ya kashe kuɗi a kemis, da ƙarin ruwa, da mai magani, da sikanin sau huɗu a wurare huɗu, wanda da an tara shi da ya kai shi rabin hanya. An gudu ba a tsira ba. Don haka ɗan abin da ke hannunku, a kashe shi bi da bi, kowace naira a inda za ta yi aiki.

Ku fara da asibitin gwamnati mai likitan mafitsara, a cikin makon nan. A Kano akwai asibitin mafitsara na Abubakar Imam, wanda gwamnatin jiha ta keɓe don irin waɗannan cututtuka, akwai kuma sashen mafitsara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku je da sassafe, ku yanki kati, ku riƙe takardar sikanin ta farko da kwalayen duk abin da ya sha. Idan aka ba ku ranar ganin likita mai nisa, kada ki karɓa ki yi shiru. Ki nuna wa ma'aikaciyar jinya inda aka rubuta girman tsakuwar da kumburin ƙodar da kwanan watan, ki ce mako biyar ke nan. Wannan bayanin yana sauya matsayin mutum a layi.

Gwaje-gwajen farko masu sauƙin kuɗi ne, kuma su ne ke yanke hukunci. Gwajin fitsari, tare da wanda ake shuka shi a gano ko akwai ƙwayoyin cuta da maganin da zai kashe su. Sakamakon wannan yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Gwajin jini na aikin ƙoda, wato kiriyatinin da yuriya da gishirin jini, a haɗa da kalsiyam da yurik asid idan hali ya yi. Sai sabon sikanin, a ga ko kumburin ya ƙaru da kuma kaurin naman ƙodar da ya rage. Sai hoton ƙashi na ciki, wanda ke nuna yawancin tsakuwar kalsiyam. Idan tsakuwa mai wannan girman ba ta fito a cikinsa ba, ana iya zargin ta yurik asid ce, wadda magani ke narkarwa. Tunda fitsarin jini a yankinmu ba tsakuwa kaɗai ke kawo shi ba, idan ya taso a wurin noman rani ko yana wanka a kududdufi, a duba ƙwan tsargiya a fitsarin, don tsargiya kan ƙuntata bututun fitsari.

Hoton CT, wanda inji ke ɗaukar cikin jiki yanki-yanki, shi ne mafi inganci: yana faɗin ainihin girma, da wurin, da taurin tsakuwar. Sikanin kan ƙara wa tsakuwa girma a awo, kuma yakan kasa ganin wadda ke tsakiyar bututu. Amma CT yana da tsada, don haka kada ku je ku yi shi da kanku kafin ganin likitan da zai yi aikin. Ku bari shi ya rubuta irin wanda yake so, sau ɗaya, kusa da ranar aiki. Idan kuɗin ya gagara, ku tambaye shi ko tsohon hoton nan da ake yi da allurar rini a jijiya zai wadatar. Ana yin sa ne kawai idan gwajin ƙoda ya fito da kyau.

A gaban likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mazajenmu kan ji kunyar cewa ba su da shi, su gyaɗa kai, su karɓi takarda, su fita ba su dawo ba. Ki bi shi ciki, ko wani ɗan'uwansa mai baki. A faɗa a fili: ga sana'arsa, ga abin da za mu iya haɗawa a wata guda. Sannan a yi tambayoyi huɗu. Shin ƙodar tana cikin haɗari yanzu? Wane aiki ne mafi sauƙin kuɗi da zai fitar da tsakuwar nan lami lafiya? Nawa ne jimilla, har da kuɗin allurar bacci, da gado, da magani, da cire robar da akan bari a bututun fitsari daga baya? Kwana nawa zai yi bai fita aiki ba? A rubuta amsar a takarda.

Cire tsakuwar ba hanya ɗaya ba ce, ko da yake ɗaya aka gaya muku. Akwai shiga da siririyar na'ura mai kyamara ta hanyar fitsari, ba yanka, a je har wurin tsakuwar a farfasa ta. Leza ɗaya ce daga cikin abin da ake fasawa da shi. Akwai kuma na'ura mai bugu da ƙarfin iska, wadda ta fi araha, illa dai a saman bututu takan iya tunkuɗa tsakuwar ta koma cikin ƙoda. Akwai fasawa daga waje da injin da ke aika bugun sauti ta fata, wanda aka fara amfani da shi a birnin Munik na Jamus a 1980. Ba ya buƙatar yanka, amma tsakuwar da ta haura milimita 10 ta kuma daɗe a maƙale ba ta cika jin sa ba, ana iya maimaitawa sau biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa, don haka a tambayi farashin duka zaman. Akwai huda baya a shiga ƙoda kai tsaye, wannan na manyan tsakuwoyi ne da suka haura santimita 2. Sai kuma tiyata ta yanka, a buɗe kwiɓi, a tsaga bututun, a ɗauko tsakuwar ɗungurungum.

Zan tsaya a kan ta ƙarshen, don ita mutane ke gudu. A ƙasashe masu arziki an kusa daina ta, amma a asibitocinmu da yawa har yanzu ana yin ta, kuma likitocinmu sun ƙware a kanta. Ba aikin wulakanci ba ne. Tsakuwa guda ɗaya mai milimita 11 a saman bututu, tiyatar yanka tana fitar da ita gaba ɗaya a zama guda. Farashinta na gaskiya yana jikin mutum ne: kusan mako guda a gadon asibiti, tabo a kwiɓi, da makonni huɗu zuwa shida ba ɗaukar kaya, ba girgizar adaidaita sahu a kan ramukan titi. Wanda aka yi wa ta hanyar fitsari yakan koma aiki cikin mako ɗaya ko biyu. Saboda haka ku yi lissafin da kyau: kuɗin aiki, a tara da cefanen kwanakin da zai zauna. Wani lokaci aikin da ya fi tsada a takarda shi ne ya fi araha a gida, wani lokaci kuma ba haka ba. Abin da ba shi da araha ko ta wace fuska shi ne barin tsakuwar a wurin.

Idan kuɗin cire tsakuwar ba zai haɗu da wuri ba, kuma likita ya ga ƙoda tana cikin matsi, ana raba aikin gida biyu. A fara buɗe wa fitsari hanya, a cire tsakuwa daga baya. Ko dai a zura siririyar roba mai lanƙwasa a kai biyu, wadda ake kira sitent, daga mafitsara ta wuce gefen tsakuwar zuwa ƙoda; ko a huda baya da allurar kashe wuri, a saka roba fitsari ya riƙa zuba a jaka. Wannan yana ceton ƙoda, yana kuma ba ku makonni ku nemi kuɗi.

Amma a nan ne talaka ya fi faɗawa rami, don haka ki buɗe kunne. Sitent ba ya fitowa waje, ba a ganinsa. Da an saka shi ciwo yakan tafi, mutum ya koma harkarsa, kuɗin cirewa kuma ya zama abin da ake ɗagawa daga wata zuwa wata. Robar nan ba ta zama ba ce. Bayan aikin fasa tsakuwa yawanci kwanaki ne zuwa makonni kaɗan ake cire ta, kuma irin da aka fi sakawa ba a barin ta ta wuce watanni uku zuwa shida ba a cire ko an sauya ba. Idan ta daɗe, gishirin fitsari yakan daskare a jikinta, ta zama sandar tsakuwa daga ƙoda har mafitsara, ƙwayoyin cuta su zauna a kai, cire ta ya koma babban aiki sau biyu ko uku, wani ma ya rasa ƙodar. Kafin ku bar asibiti, ki tambaya kai tsaye: an saka roba a ciki? Yaushe za a cire? Nawa ne? Ki sa a rubuta ranar a katinsa, ki rubuta a bangon ɗakinki, ki ware kuɗin cirewar tun ranar, ki ɗauka ba naku ba ne. Yawan jin fitsari, ɗan jini-jini, da ɗan ciwo a kwiɓi lokacin fitsari duk an saba gani da sitent. Zazzaɓi ne ba a saba ba.

To, ina kuɗin zai fito? Keken ɗinki kada ki sayar. A makonnin da maigida zai yi a kwance, shi ne zai ciyar da gidan. Wanda ya sayar da abin sana'a ya biya aiki, ya sayi yunwar wata shida. 'Yan kunne su ne ajiyar da aka yi don irin wannan rana, amma ko su kada su fita sai kin riƙe rubutaccen lissafi daga asibitin da za a yi aikin, kin kuma ƙwanƙwasa ƙofofin nan.

Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin kula da marasa galihu, wanda ma'aikata ke kira soshiyal welfeya. Sukan binciki halin mutum, su nema masa ragi, ko biya kashi-kashi, ko su haɗa shi da masu taimako. Ba sa zuwa neman kowa, sai wanda ya je. Ki nemi likita ya rubuta gajeren rahoto mai hatimi da ke faɗin cutar da kuɗin aikin. Da wannan takardar za ki je Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, da limamin unguwa, da ƙungiyar 'yan adaidaita sahu ta tasharsu. Fakirai da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, don haka karɓar zakka a nan haƙƙi ne, ba roƙo ba. Idan kina adashi, ki roƙi uwar adashi a ba ki ɗauka ta gaba. Shi kuma mai mashin, a zauna da shi tun kafin ranar aiki, a daidaita wanda zai riƙe mashin ɗin na ɗan lokaci, don kada maigida ya tashi daga jinya ya tarar an ba wani. Mijin ƙanwarki ma yana da abin bayarwa ko da ba kuɗi ba: ya san likita, ya san ƙofofin, yana iya raka ku.

Inshora kuma ku yi ta, amma kada ku jira ta. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Najeriya, ta kuma tanadi asusu don marasa ƙarfi. Hukumar tana da shirin GIFSHIP na masu zaman kansu da iyalai, Kano kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wadda ke yi wa masu sana'ar hannu rajista. Galibi akwai wa'adin jira bayan rajista kafin a fara amfana, kuma wasu manyan gwaje-gwaje da ayyuka wani kaso kawai ake biya. Ki tambaye su a fili ko aikin tsakuwa yana ciki, da wane iri. Ko bai riski wannan aikin ba, zai yi amfani a gaba, domin kusan rabin waɗanda suka yi tsakuwa sukan sake yi cikin shekara biyar zuwa goma. Mai ƙoda biyu lafiyayyu yana da sarari idan ta dawo. Wanda ya bari ɗaya ta mutu, ranar da tsakuwa ta tare ɗayar fitsari zai tsaya cak, sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako. Ko da ragin da gwamnatin tarayya ta yi a 2025 a wasu asibitocinta, daga kusan naira 50,000 zuwa 12,000 kowane zama, ki lissafa abin da hakan ke zama a wata.

Rigakafin dawowarta shi ne wurin da talaka da mai kuɗi suka fi kusa da juna, sai dai sana'ar maigidanki tana yaƙarsa. Ɗan sahu yana yini cikin zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, yana zufa, yana kuma rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya sa shi ajiye fasinja. Abin da ake nema shi ne ya fitar da fitsari lita 2 zuwa 2.5 a yini. A sanyi, shan lita 3 kan kai shi nan, wato ledar ruwa shida masu rabin lita. A bazara sai ya ƙara biyu ko uku. Wani bincike da aka yi a Italiya aka buga a 1996 ya nuna cewa cikin shekara biyar, kashi 12 cikin 100 ne tsakuwa ta dawo wa a cikin waɗanda suka yawaita shan ruwa, a kan kashi 27 na waɗanda ba su yi ba. Ki cika masa jarka mai lita huɗu kowace safiya, ki matse lemun tsami biyu a ciki ba sukari, ya dawo miki da ita babu komai. Ya sha ruwa kofi ɗaya kafin barci. Ma'auninsa launin fitsari: fari-fari ya yi, ja kamar shayi bai yi ba. Da azumi, ya rarraba ruwan daga buɗa-baki zuwa sahur. Idan kuwa watan ya same shi da tsakuwa a maƙale ko sabon aiki, marar lafiya yana da rangwame, ya tambayi likitansa da malaminsa.

A tukunya, gishiri ne babban abokin gaba, don yana jawo kalsiyam cikin fitsari. Kada duk gishirin da zai ci a yini ya wuce giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano yana cikin lissafin. Ki rage shi, ki ƙara daddawa da albasa da citta. Ya rage tsire da kilishi da kayan ciki da lemon kwalba. Kada wani ya hana shi nono da kindirmo wai don tsakuwar ta kalsiyam ce. Akasin haka ne: kalsiyam na abinci yana kama sinadarin oksalet a hanji ya fita da shi ta bayan gida, rage shi kan ƙara tsakuwa. Alayyafo, gyaɗa, riɗi, kuɓewa da baƙin shayi mai kauri suna da oksalet da yawa. Ba haramta su za a yi ba, a rage yawa, a haɗa da nono a lokaci guda. Ya bar ƙwayar bitamin C mai miligiram 1000 da ake sha kullum ba dalili. Idan an ciro tsakuwar, ku karɓe ta, ku tambaya ko akwai inda za a auna irinta, don shi zai nuna abin da ya fi kamata ya kiyaye.

Saura shi kansa maigidan, wanda yake jin garau, ga dangi na ce masa ya warke. Kada ki fara da maganar tiyata, zai toshe kunne. Ki roƙe shi abu ɗaya: sabon sikanin da gwajin jini da na fitsari, safiya guda, a asibitin gwamnati. Ki ce wa yayarsa ta zo ta raka ku, ta ga hoton da idonta, ta ji bayanin likita da kunnenta. Idan tsakuwar ta fita kumburin ya sauka, sai ku yi hamdala ku koma kan jarkar ruwa. Idan tana nan, kada ku bar harabar asibitin sai kun riƙe abu uku a hannu: ranar aiki, rubutaccen lissafi, da rahoton likita mai hatimi.